Inji yana juyawa ba ya kamawa: mai ne ko wuta?

Ɗan'uwa, ka ce motarka tana tashi lafiya da safe, amma in ta ɗau zafi ka kashe ta sai ta ƙi kamawa, ga kuma rawa a silo. Bakanike ɗaya ya ce famfon mai ne, ɗayan ya ce kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta. Tunda kik yana juya injin da ƙarfi, cire batir daga zargi. Saura mai da wuta, kuma kowanne da halinsa.

Ciwon mai a hankali yake shigowa. Motar za ta daɗe tana juyawa kafin ta kama, a hawa ko in ka taka totur sai ta shaƙe kamar an riƙe ta ta baya, in za ta mutu ma sai ta yi ta tari tukuna. Ciwon wuta kuwa ba ya sallama. Ko dai silinda ɗaya ta daina aiki, inji ya kama jijjiga, salansa tana warin ɗanyen fetur, ko kuma motar ta ɗauke ɗif kamar an murɗa makulli.

A nan ne maganar kwayil ba ta gamsar da ni ba. In motarka irin mai kwayil ɗaya a kan kowane filogi ce, mutuwar guda ɗaya za ta sa ta rawa, amma ba za ta hana ta tashi ba. Abin da ya saba ɗauke wuta gaba ɗaya in ya ji zafi, ya dawo in ya huce, shi ne sensar da ke karanta juyawar kiranshaf, wato babban sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Famfon da ya gaji ma yana wannan wasan, shi ya sa sai an gwada.

Kuma a gwada lokacin da ta ƙi tashin, ba bayan ta huce ba. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki: famfo yakan yi gunji na kamar daƙiƙa 2. Gunjin dai ba shaidar ƙarfi ba ne, sai an ɗaura ma'aunin matsin mai, kuma yawancin motocin fetur masu nozul (abin da ke fesa mai cikin inji) na yau da kullum suna son matsin ya kai bar 3 zuwa 4 a ma'aunin. Sannan a kwance filogi. In ya jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu. In a bushe yake a koma kan famfo da matatarsa, sai dai ka sani mutuwar sensar nan ma tana hana nozul feshi.

In an jona na'urar bincike za ta nuna lambar matsala: P0335 sensar ce. P0302 na nufin silinda ta 2 tana fashin aiki. A musanya kwayil ɗinta da na ta 3, in lambar ta koma P0303 an kama ɓarawo. P0171 kuwa iska ce ta fi mai yawa, sau da yawa ma tiyo ne ya tsage. Zargina ya fi karkata ga sensar, rawar silon kuma wataƙila ciwo ne daban.