Labarin ceri daga jihar Washington

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni ko zan aiko maka da ƙwallon ceri ka shuka. Bari in faɗa maka yadda abin yake a nan jihar Washington ta Amurka.

Ceri ɗan itace ne mai kama da ɗinya, yana nuna a watan Yuni da Yuli. A manyan kantuna iri biyu za ka fi gani. Akwai Bing, ja ne wur har ya doshi baƙi, naman sa da tauri, an samo shi a jihar Oregon a 1875. Akwai Rainier, rawaya mai ratsin ja a kumatu, wanda Jami'ar Jihar Washington ta samar a 1952 daga haɗin Bing da wani iri mai suna Van. Rainier ya fi zaƙi, ya fi tsada, don da an ɗan matsa shi sai ya yi tabo, ga tsuntsaye ba sa raga masa.

Sai dai kanti ba ya damuwa da suna. Duk wani mai duhu, Lapins ne ko Sweetheart, a leda ɗaya ake zuba shi a rubuta "mai zaƙi". A gonakin wajen garuruwan Yakima da Wenatchee kuwa, mai gona zai faɗa maka sunan kowane layi da makon da yake nuna. A ganina na gona ya fi nesa ba kusa ba. Na watan Disamba daga Chile ake kawo shi, ya sha hanya, ka duba tsinkensa: in kore ne shar, sabo ne, in ya bushe kada ka saya.

Maganar shuka, ƙwallo ba ya maido da irin uwarsa. Dashe mai aure ake saya, da sunansa a rataye. Bing ba ya haihuwa shi kaɗai, sai da wani iri a kusa da ƙudan zuma su yi barbara, amma Stella da Lapins ba sa bukatar haka. Ruwan sama dab da girbi yana fasa 'ya'yan, har jirgi mai saukar ungulu ake ɗaukowa haya ya busar da bishiyoyin, wallahi da idona na gani.

Babbar matsalar ita ce sanyi. Bing yana son awa 700 ko fiye na sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Celsius ba kafin ya yi fure, kuma hunturunku ba ya kai haka. Don haka ƙwallon ba zan aiko ba. A gaida Inna da yara.