Ciwon tangaɗin Kawu: abin da ake samu a Faransa da abin da za a iya a Tawa

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da mutan gida. Kun tambaya ko a sai da gona a kawo Kawu Faransa. Kada a sayar. Ciwon nasa, ataksi, wato lalacewar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai daidaita tafiya da magana, nan ma yawancinta ba ta da maganin warkewa.

Inda suka fi mu shi ne gano irinta, kuma tsawon rai ya danganta da irin. Ana yin hoton ƙwaƙwalwa da na'urar IRM, a auna bitamin B12 da E da aikin maƙoƙo a jini, sannan gwajin gado a manyan asibitoci kamar Pitié-Salpêtrière ta Paris. Wadda giya, ƙarancin bitamin ko maganin farfaɗiya fenitoyin suka jawo tana iya tsayawa in an kau da sanadin, amma kada ya bar magani sai lokotoro ya canza masa. Irin gado SCA6 takan fara wajen shekara 50, tana tafiya sannu, mai ita yakan tsufa kamar kowa. Irin da ake kira MSA-C ce mai sauri, mai ita yakan rayu shekara 6 zuwa 10 daga farawa. Maganin Skyclarys da aka amince da shi a Amurka a 2023 na irin Friedreich ne kawai, yana rage gudun ciwon ne.

Abin da ke kashe masu ciwon, galibi, shaƙewa ce: ruwa ya bi hanyar iska, huhu ya kamu. Nan farmasi na sai da garin da ke kaurara ruwa, inshorar gwamnati kuma na biyan mai koyar da haɗiya da mai motsa gaɓɓai. A gida kunu mai kauri ya maye garin. Ya zauna a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, cokali ɗaya ɗaya, kada ya kwanta sai bayan minti 30. Tari wajen sha, ko zazzaɓi da nishi, a kai shi asibiti ranar.

Sai faɗuwa. Keken dogarawa na nan ƙananan tayoyi gare shi, an yi shi don siminti, a rairayin tsakar gidanmu nutsewa zai yi. Gara mai walda ya haɗa masa firam mai ƙafa huɗu, mariƙi daidai wuyan hannunsa in yana tsaye, ya kuma kafa ƙarfe a bangon makewayi. Ku fara da awon jinin, ku nemi takardar zuwa wurin likitan jijiyoyi a Yamai, kuɗin wannan ni zan aiko.