Zaren nailan ko zaren kitso: amsa ga mai shirin fatsa a Argungu da Yauri

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce ka sayi sandar fatsa mai injin naɗe zare, kana son ka riƙa jefa ƙugiya a kogin Argungu don tarwaɗa da karfasa, wani lokaci kuma ka gangara Yauri neman giwan ruwa da tsage. Mai kanti ya ajiye maka zare iri biyu, nailan da kuma saƙaƙƙen nan da ake kira na kitso, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kana so ka san wanne za ka ɗauka, kuma ko injinka zai iya da shi.

Ruwa biyu ka ambata, kuma kowanne da zaren da ya fi dacewa da shi. In kuɗin zare ɗaya gare ka yanzu, sayi nailan mai kaurin milimita 0.35, zai yi maka yawancin aikin Argungu. Ranar da ka fara jifa da koton roba a Yauri, ranar ce zaren kitso zai biya kuɗinsa. Ga dalilai.

Babban abin da ya raba su shi ne miƙewa. Nailan sili ɗaya ne na roba, yana iya miƙewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Na kitso kuwa siraran zaruruwa ne aka kitsa wuri ɗaya, galibi huɗu ko takwas (shi ne X4 ko X8 da kake gani a jikin kwali), kuma kusan ba ya miƙewa sam. Wannan miƙewar ta nailan rahama ce ga sabon hannu. Idan tarwaɗa ta fizga ba zato, zaren ne ke shanye fizgar, ƙulli bai ji jiki ba, bakin kifi bai yage ba. Tarwaɗa dama haɗiye koto take yi, ita ke kama kanta, ba ta bukatar ka soka mata ƙugiya da ƙarfi. Amma ka jefa koto nisan mita 40 a ce tsage ne ya kai masa cafka. Bakinsa ƙashi ne da haƙora, ƙugiya ba ta shiga sai an buga ta da gaske. Da nailan, kana ɗaga sanda zaren zai miƙe, ƙarfin hannunka ya ƙare a hanya, tsage ya yi tsalle ya girgiza kai ya tofar da koton. Da kitso, abin da hannunka ya yi shi ke isa bakin kifi nan take. Haka kuma za ka ji komai ta cikin sanda: dalmar da ke nutsar da koto ta taɓa yashi, ta hau dutse, ƙaramin kifi na tsattsagar koto. Kuɗin wannan jin shi ne babu afuwa. Birkin inji, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, ya yi tsauri kaɗan, sai ƙugiya ta miƙe, ko ƙulli ya balle, ko kan sanda ya karye.

Sai kauri. Nailan mai 0.30 yakan ɗauki wajen kilo 5 zuwa 6, mai 0.40 wajen kilo 9 zuwa 10, gwargwadon kamfani. Kitso mai kaurin da bai wuce 0.30 ba yana ɗaukar kilo 13 ko fiye. Wato ƙarfi ninki biyu a kauri ɗaya. Amfanin wannan a bayyane yake: kwarkwaron inji zai ci zare mai tsawo, jifa za ta yi nisa, kuma igiyar ruwa ba ta tura siririn zare kamar yadda take tura mai kauri, don haka dalma ƙarama ta isa ta riƙe maka koto a ƙasa. A babban kogi irin na Yauri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ƙarfin zaren da LB, wato ma'aunin fam, aka rubuta shi a kwalin, raba lambar biyu ka rage kaɗan, ka sami kilo: LB 30 wajen kilo 13 da rabi ke nan.

A wajen gogayya kuwa nailan ne gaba, kuma a nan ne masu sayen kitso da yawa ke yin da-na-sani. Kitso idan ya ɗaure tamau ya gogi dutse mai kaifi, silin nan nasa ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa, sai ka ji sanda ta yi sakayau. Nailan mai kauri yakan kuje, ya yi kaushi, amma ya riƙe. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki, itatuwa da tsofaffin ƙauyuka a ƙasar Yauri da Ngaski, ga kuma duwatsun kogin na asali. Giwan ruwa a irin wuraren nan take fakewa, kuma da ta ji ƙugiya can take nufa. Saboda haka kada ka ɗaura koto kai tsaye a bakin kitso. Sa zaren gaba na nailan mai kauri, 0.70 zuwa 0.90, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi zai sha gogar dutse, da kaushin bakin giwan ruwa, da kaifin marfin kunnenta, wanda yake yanka zare, yake kuma yanka hannu idan aka kama ta da ganganci. Tsage kuwa babu nailan ɗin da ke tsira daga haƙoransa. Shi sai waya ta ƙarfe mai laushi, tsawon santimita 20 zuwa 30, da ɗan ƙarfen juyi mai hana zare murɗewa a samanta.

Ganin zare a ruwa ya danganta da lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba kogin Neja na kawo farin ruwa mai laka na damunarmu, kifi ba ya ganin komai, kowane zare daidai ne. Daga wajen Disamba baƙin ruwa ke isowa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya zubar da lakarsa a hanya, ya zo garau. A lokacin nan kitso, musamman mai launin rawaya, fili yake a idon kifi, sai ka ƙara tsawon zaren gaba. Karfasa ta fi kowa tsoron zare. Ita nailan siriri, 0.20 zuwa 0.25, da ƙaramar ƙugiya da tana, da guntun silifas a matsayin abin shawagi, sun wadatar.

Rana tana cin nailan. Wanda ya sha zafin Maris da Afrilu a kan inji, ko ya daɗe a rataye a bakin kanti, zai yi fari-fari, ya bushe, ya riƙa fitowa a nannaɗe kamar waya, ya tsinke a wajen ƙulli. Canza shi duk shekara, ka kuma sayi wanda aka ajiye a inuwa cikin kwalinsa. Kitso yana shekaru. Idan gabansa ya yi gashi-gashi ka yanke mita biyu ko uku, in ya koɗe sosai ka warware shi duka ka juya, na ciki ya dawo waje. Idan aka lissafa haka tsadarsa ba ta kai yadda ake gani ba. Sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma lambar jikin kwali ba rantsuwa ba ce. Gwada da kanka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗaura zaren a hannun jarka, ka naɗe ɗaya bakin a jikin itace, ka riƙa ƙara ruwa kana ɗagawa a hankali har ya tsinke. Abin da ka samu shi ne ƙarfin zarenka tare da ƙullinka, kuma da shi za ka yi lissafi.

Ƙulli ma ba ɗaya ba ne. Ga nailan: zura ta idon ƙugiya, murɗa bakin a jikin zaren sau 5 zuwa 7, dawo da shi ta ƙaramar kafar da ke kusa da ido, sannan ta babbar kafar da ta samu, jiƙa da yawu, ja a hankali. In zaren mai kauri ne kamar 0.80, murɗi 3 ko 4 ya isa. Jiƙawar dole ce, domin busasshen nailan yana ƙona kansa wajen ja. Wannan ƙullin a kitso zamewa yake, saboda santsi. Shi ƙullin Palomar ya fi karɓa: ninka zaren biyu tsawon taƙi guda, zura ninkin ta ido, yi ƙulli ɗaya sako-sako, ratsa ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin, sannan ka ja. Wajen haɗa kitso da zaren gaba, jera su gefe da gefe, kowanne ya yi madauki ya naɗe ɗan'uwansa, kitso sau 8 zuwa 10, nailan sau 4, ka ja su su haɗu.

Yanzu batun inji. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ƙasa, wanda ke rataye ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye, wani ƙarfe mai kamar baka ne ke zagayawa yana naɗe zare. Akwai na sama, wanda ke zaune a kan sanda, kwarkwaron da kansa ke juyawa. Na sama ya fi ƙarfin ja, ya fi sa koto daidai inda ake so, kuma ba ya murɗe zare. Amma in babban yatsanka bai saba tsayar da kwarkwaro daidai lokacin da koto ya faɗa ruwa ba, zai ci gaba da juyawa, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Idan kitso ne ya yi haka, sau da yawa sai almakashi. Ƙaramin koto da jifa cikin iskar hunturu duk suna ƙara wannan matsala. Mu dai na ƙasa muke ba sabon hannu shawara, kuma shi ya fi sauƙin samu da gyara. Mai lamba 2500 na karfasa ne da ƙananan kifi, 4000 shi ne na tsakiya da zai yi maka tarwaɗa da tsage, giwan ruwa kuwa 6000 zuwa sama, wanda zai ci aƙalla mita 200. Kar ka raina ta: wadda ta ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ce.

Kafin ka sa kitso a injinka duba abu uku. Kwarkwaron ya zama na ƙarfe. Ɗan gangaren da zare ke bi a jikin bakan ya zama yana juyawa. Zobban sanda kuma su zama masu tangaran a ciki marasa tsagewa. Goga auduga a cikin kowane zobe, in ta maƙale akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta cinye maka zare mai tsada cikin yini ɗaya. Sannan kitso ba ya kama jikin kwarkwaro. In ka ɗaura shi kai tsaye, kifi na ja sai zaren duka ya riƙa juyawa a dunƙule, ka ɗauka birki ne ya lalace. Fara naɗa nailan mita 15 zuwa 20 a ƙasa, ka haɗa kitson a kansa. Naɗa shi da tsauri, kana matse shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka tsaya saura milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. Ya cika fiye da haka zai zubo a dunƙule, ya gaza kuma jifa ba za ta yi nisa ba. Bayan kowace jifa rufe bakan da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Sakakken madauki ɗaya da ya shige ciki shi ke zama ƙulli a jifa ta gaba.

Birki shi ne abin da ya fi kowane zare muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Murfin nan da ke saman kwarkwaro ne. Saita shi ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai kilo 9, birki ya saki a kilo 2 da rabi zuwa 3. Ɗaura robar ruwa mai lita 3, zaren ya bi ta zobba, ɗaga sanda a hankali. Daidai lokacin da robar za ta bar ƙasa ya kamata ka ji birki ya fara kuka. Da kitso tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu, tunda babu miƙewar da za ta taimake ka. Idan kifi na gudu birki na kuka, daina juya hannun inji. Duk juyi ɗaya a wannan hali murɗi ne kake sa wa zare. Bari ya tsaya, ɗaga sanda, sauke ta kana naɗewa.

Kan koto, rabon a sauƙaƙe yake. Tana, gara, hanjin kaza, guntun kifi, duk abin da za a ajiye a ƙasa a jira, nailan ne abokinsa. Cokalin ƙarfe mai ƙyalli na tsage, da kifin roba mai tsawon santimita 12 zuwa 18 mai nutsewa na giwan ruwa, waɗanda ake jefawa ana jawowa sau ɗari a yini, kitso ne. Cokali juyawa yake a ruwa, in babu ƙarfen juyi a gabansa zai murɗe maka zare cikin rabin awa. Ƙugiyoyi masu baki uku da ke zuwa jikin kifin roba mai araha sukan miƙe a bakin babbar giwa, canza su da masu kauri tun a gida.

Idan ƙugiya ta maƙale a ƙasa, don Allah kada ka naɗe kitso a hannu ka ja. Yana yanka har ƙashi. Naɗe shi a guntun itace, ka miƙe sanda ta kalli inda ya maƙale, ka ja da baya. Guntayen da ka yanke kuma ka sa a aljihu, domin suna sarƙe ƙafar tsuntsaye da dabbobin da ke zuwa shan ruwa, suna kuma shiga ragar masunta.

Abu ɗaya game da Argungu: Matan Fada wurin gasa ne mai ka'idarsa, ba a su a cikinsa yadda aka ga dama. A can da Yauri duka, ka fara gaida Sarkin Ruwa ko manyan masuntan wurin, su nuna maka inda aka yarda a jefa da inda aka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, don koton roba in ya faɗa cikin ƙugiyoyin mamari ba ya dawowa. In ka dawo gida goge injin da jiƙaƙƙen tsumma, ɗiga man keken ɗinki a gangaren zare da hannun juyi, kwance birki gaba ɗaya don kada faifansa su manne, ka sa shi cikin jaka saboda ƙurar hunturu. Allah ya ba da sa'a, Malam.