Wace Laccar Tafiye-tafiye Ta Cancanci Kuɗin Tikitinka?

Lacca mai hotuna, wadda matafiyi ko masanin halittu ke tsayawa gaban jama'a yana haska hotuna da majigi yana ba da labarin inda ya taka, ba sabon abu ba ce. Ernest Shackleton ma, matafiyin nan ɗan Birtaniya, bayan ƙanƙarar Antatika ta murƙushe jirginsa Endurance a 1915, da irin wannan lacca ya riƙa fitowa a Landan yana nuna hotunan Frank Hurley, mai ɗaukar hoton tawagarsa, don ya rage bashin da tafiyar ta bar masa. Yau irin wannan zama ya yi yawa, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka da lokacinka ba. Ni dai ma'aunina ɗaya ne: tsawon zaman da mai jawabin ya yi a wurin da yake magana a kai.

Wanda ya fi jan jama'a shi ne mai kasada, wato wanda ya hau tsauni, ko ya ratsa hamada a ƙafa, ko ya tuƙa kwalekwale ya ƙetare teku. Labarinsa yana da farko da tsakiya da ƙarshe, akwai tsoro, akwai tsira, ba za ka yi gyangyaɗi ba. Idan matashi za ka kai don a zaburar da shi, wannan ya dace. Matsalar ita ce sau da yawa za ka fito ka san mutumin sarai, amma ƙasar da ya ratsa ba ka ƙaru da komai a kanta ba. Kafin ka biya, nemi ɗan bidiyonsa a intanet ka saurara ko yana ambaton mutanen da suka ɗauki kayansa suka nuna masa hanya. Tsaunin Everest mai tsayin mita 8,849 mutum biyu ne suka fara kaiwa ƙololuwarsa a 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa, kuma har yau 'yan wannan ƙabila ne ke kafa tsani da igiyoyi a mashigar ƙanƙara ta Khumbu kafin baƙi su wuce. Mai jawabin da zai yi awa guda a kan wannan tsauni bai kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, rabin labarin ya ba ka, kuma ni abin yana ci mini rai.

Na biyu, wanda nake fifitawa, shi ne masanin da ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. Hotunansa ba lallai su burge ka kamar na ƙwararren mai ɗaukar hoto ba, wani ma muryarsa ba ta da armashi. Amma abin da ke bakinsa ba a samunsa a tafiyar mako biyu. Jane Goodall ta isa dajin Gombe na Tanzaniya a 1960, kuma don ta zauna ta yi haƙuri ne ta ga birai nau'in cimfanzi suna zura tsinke cikin suri suna zaƙulo gara, abin da ya sa masana suka sake tunani a kan cewa ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki. Irin wannan mutum idan ya haska hoton garken dabbobi na tsallake kogin Mara na Gabashin Afirka, zai gaya maka me ya taso su daga dajin Serengeti na Tanzaniya, yadda ruwan sama da tsiron ciyawa ke ja musu gora, da abin da ke faruwa a shekarar da damina ta yi jinkiri. Kuma idan ka yi masa tambaya, amsa za ka samu ba kame-kame ba. Ƙungiyar Royal Geographical Society ta Landan, wadda aka kafa a 1830, tana da laccocin daren Litinin da ake samun irin waɗannan, sai dai akasari na mambobi ne, don haka a lissafinka ka sa kuɗin rajista. Shirin National Geographic Live, wanda ke zagaya zaurukan biranen Amurka da Kanada, tikiti ake saye kai tsaye, kuma yakan haɗa masana da masu ɗaukar hoto.

Akwai kuma bukukuwan finafinan tsaunuka. Na garin Banff a Kanada ya fara a 1976, kuma ana zagayawa da zaɓaɓɓun finafinansa ƙasashe da dama. A nan gajerun finafinai ne a jere, babban allo da sauti mai ƙarfi, amma galibi wanda ya yi tafiyar ba ya zauren. Idan kallo kake so, ka samu. Idan tattaunawa kake nema, bikin Kendal na Ingila da ake yi a watan Nuwamba ya fi kawo masu jawabi da kansu.

Laccar intanet ita ce mafi araha, wata ma kyauta. Jawaban TED, wato gajerun laccocin da ƙungiyar TED ke sakawa a intanet, ba sa wuce minti 18 a ƙa'ida, sun isa ka ɗanɗana mutum ka ga ko ya cancanci ka bi shi zaure. Hoton da aka ɗauka don bango guda kuwa, a fuskar waya yakan rasa rabin kwarjininsa.

Duk wanda ka zaɓa, karanta sanarwar da kyau. Duba ko an ware lokacin tambayoyi, domin shi ne abin da kake biya wanda bidiyo ba zai ba ka ba. Duba wa ya ɗauki nauyin taron: idan kamfanin shirya yawon buɗe ido ne ko mai sayar da kayan hawan dutse, kada ka yi mamaki idan rubu'in lokacin ya tafi a talla. In laccar namun daji ce, kada ka ji nauyin tambaya ko an yi wa dabbar tarko da abinci ne kafin a ɗauke ta, ko ma a killace take, mai gaskiya zai faɗa maka. Wurin zama kuma, tsakiyar zaure ya fi layin gaba, inda za ka wuni da ɗaga wuya. Idan da yara za ka je, tambayi masu shiryawa tsawon zaman da kuma ko akwai hotunan farauta ko na gawa a kan tsauni, don wasu laccocin Everest suna nuna su.