Ruwan tsimin feshi: abin da na gani bayan na gwada shi a lambuna na Kasala

Ina noman kayan lambu a fadan biyu da rabi (fadan ɗaya kusan eka guda ne) a sawagin arewacin Kasala, wato lambunan ban ruwa na wannan gari da ke gabashin Sudan, a filin da mahaifina ya fara shiga a matsayin ɗan ƙodago kafin Allah ya hore masa ya karɓi hayarsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 maganin feshi ya zama babban abin da ke damun ƙananan manoma irina, domin wanda muka saba da shi ko dai ya ɓace daga kasuwa ko kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, wanda ya saura kuma ba kullum mutum yake da tabbacin abin da ke cikin kwalbar ba. Na taɓa sayen lita guda a wani shago, na fesa wa kuɓewa sau biyu, ƙwarin ko gezau ba su yi ba. Wannan asarar ce ta sa na saurari maƙwabcina lokacin da ya ba ni labarin wani dattijo da ke haɗa ruwan feshi a gidansa yana sayarwa a jarka.

Dattijon, wanda kowa a unguwar yake kira Malam, ya shafe shekaru masu yawa yana aikin duba ƙwari a gonakin audugar Jazira da ke tsakiyar Sudan, kuma yana cikin mutanenmu da yaƙin ya sa suka baro Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamba na 2023. Ba shi da shago. A tsakar gidan da yake haya, ƙarƙashin rumfar zana, ya jera gangunan roba shida masu murfi, kuma duk mai son saye yana da izinin ya buɗe, ya shinshina, ya tambayi abin da aka zuba. Wannan shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali, domin wanda yake da abin ɓoyewa ba ya barin mai saye ya leƙa cikin gangarsa.

Haɗin nasa mataki biyu ne. Da farko yana ajiye ruwan wankin shinkafa na wasu kwanaki har ya yi tsami, sai ya zuba kashi ɗaya nasa a cikin kashi goma na madara, ya bari ta tsinke, ya kwashe cukun da ya taso sama, ya riƙe ruwan ɗorawa-ɗorawa da ya rage. Wannan ruwa cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu kawo tsami, dangin waɗanda suke tsamama nono da gasarar koko da ƙullun kisra, wato siririyar gurasar dawa ta Sudan, saboda haka ba baƙon abu ba ne ga kowace mace da ta taɓa kwana da ƙullu. Mataki na biyu shi ne ya zuba wannan ruwa a ganga tare da molas, wato baƙin ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari, da dakakkun 'ya'yan darbejiya da ganyenta, da tafarnuwa da jan barkono, ya cika da ruwa, ya rufe sosai na kimanin mako biyu yana ɗaga murfin lokaci-lokaci don iska ta fita. Idan ya nuna, launinsa kamar na baƙin shayi ne, ƙamshinsa kuma tsami-tsami da ɗan zaƙi da ƙarfin tafarnuwa. Na tambaye shi a kan barasa, saboda na ji cewa wasu masu irin wannan haɗi a ƙasashen waje suna ƙara ta. Ya ce mini: "Ɗana, ba na sa ta, kuma ba ta da wani aikin da tsamin ba zai yi mini ba."

Malam bai yi da'awar cewa shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Ya ambaci Farfesa Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus da ke Okinawa a Japan, wanda ya fito da haɗin ƙwayoyin da ake kira EM a farkon shekarun 1980, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa masana ba su yi ittifaƙi a kan amfanin haɗin ba, har ma an yi gwajin shekara huɗu a Suwizalan ba a ga ƙwayoyin sun ƙara yawan amfanin gona ba. A ganinsa, kuma yanzu a ganina ni ma, darbejiya ce take ɗaukar mafi yawan nauyin korar ƙwari, tsimin kuma yana taimakawa ne wajen fito da ƙarfinta da hana haɗin ruɓewa. Darbejiya kuwa tarihinta a fagen maganin ƙwari a ƙasar nan ya faro, domin a Sudan ne, a shekarar 1959, masanin ƙwari Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura cewa fari sun cinye kusan kowane ganye sun bar nata. Sinadarin da ke cikin 'ya'yanta ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci, yana kuma dagula masa girma da saɓa, shi ya sa aikinsa yake da nawa, kuma rana tana karya shi cikin kwanaki kaɗan.

Na sayi jarka uku masu lita huɗu-huɗu a farkon watan Nuwamba. Umarnin da ya ba ni shi ne kofin shayi biyu a famfon goyo mai lita 16, a ƙara ɗan sabulu kaɗan don ruwan ya kama ganye, a fesa bayan la'asar, a juya kan famfon sama don ya jiƙa bayan ganyen, a maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai tun shukar tana ƙarama. Don kada in yaudari kaina, na bar kunya uku a kowane irin shuka ban fesa musu komai ba, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, taki ɗaya.

A kan kuɓewa da ajur, wato wani dogon kokwamba, na fi ganin amfaninsa, kuma a nan ba ni da shakka. Darɓa, wadda a nan muka fi sani da asala, ta bayyana a kunyoyin da ban fesa ba tun mako na huɗu, ganyen ya fara nannaɗewa yana danƙo, tururuwa suna hawa da sauka, daga baya kuma baƙar ƙura ta kwanta a kan danƙon. A ɓangaren da nake fesawa ma akwai ta, ba zan ce babu ba, amma sai mutum ya juya ganye da yawa kafin ya sami tarinta, kuma ba ta taɓa kai matsayin da za ta tsayar da toho ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jajayen ƙwarin nan masu ɗige-ɗige da ake kira abul'id, waɗanda darɓa ce abincinsu, sun zauna a lambun har ƙarshen noman. A shekarun da nake fesa maganin kanti da wuya in ga ko ɗaya bayan feshin farko. Ina kyautata zaton cewa rabin aikin su suka yi shi, ruwan Malam kuwa ya rage darɓar ne ba tare da ya hallaka masu cinta ba.

Haka kuma cutar farin gari, wadda take rufe ganyen ajur da kuɓewa kamar an barbaɗa musu garin dawa idan sanyi ya shigo, ta makara sosai a ɓangaren da aka fesa. A kunyoyin gwaji ganyen ƙasa ya bushe tun ina tsakiyar tsinka, a ɗaya ɓangaren kuwa na ci gaba da tsinkar ajur kusan mako biyu bayan wancan ya tsaya. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san cewa tun 1999 wani bincike a Brazil ya nuna cewa madarar shanu da aka sirka da ruwa tana rage wannan cuta a kan dangin kabewa. Sai dai na lura cewa ganyen da cutar ta riga ta kama ba ya warkewa. Sabon ganye kaɗai feshin yake karewa.

Tumatir labarinsa daban. Farin ƙuda ya ragu a ido, amma illarsa ga tumatir ba ta tsaya ga tsotson ruwan ganye ba, shi ne yake ɗauko cutar da ke murɗe ganye ta tsugunar da shuka, kuma ƙuda kaɗan sun isa su yaɗa ta. Na cire tsirrai masu cutar a ɓangarorin biyu, ko da yake na ɓangaren da aka fesa sun fi ƙaranci. Da na kai wa Malam ƙorafi bai kare kayansa ba. Ya ce kuskuren tun daga wurin renon iri ne, domin da na rufe shi da gidan sauro mai ƙananan ido da dashen ya fito lafiya. Sannan ya ba ni labarin da ya san shi ciki da waje: yadda aka fara fesa DDT a audugar Jazira a tsakiyar shekarun 1940, yadda yawan feshin ya riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara, da yadda zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda, wanda da can ba shi ne abin tsoro ba, ya zama babban abokin gaba saboda an kashe ƙwarin da ke cinsa shi kuma ya saba da maganin, har danƙonsa ya ɓata darajar audugar Sudan a kasuwannin waje. Ya ce duk wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar famfo ba tare da ya fara juya ganye ya ƙirga ba.

Inda ruwan ya gaza gaba ɗaya shi ne tsutsar tuta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne kuma aka fara ganinta a Sudan a 2010. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi rami, daga baya ta huda ɗan tumatirin, don haka abin da aka fesa a waje ba ya riskarta yadda ya kamata. A watan Janairu sai da na nemi maganin da aka yi dominta na fesa sau biyu, da ban yi haka ba da na rasa fiye da abin da zan iya jurewa. A kan albasa kuma ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kansa ba. Tirbis, ɗan mitsitsin ƙwaron da ke tsotsar ganyen albasa, yana ɓuya a cikin wuyan ganye, kuma kunyoyin biyu kusan kamarsu ɗaya.

Akwai aibobin da ya wajaba in faɗa. Na farko wahala ce: feshi duk kwana biyar ko shida a fadan biyu da rabi, da famfo a baya, aiki ne da yake cin yammacin mutum biyu, kuma wanda zai biya lada ya sa wannan a lissafinsa kafin ya ce ruwan yana da araha. Tacewar ma ba ta isa ba, domin dusar darbejiya ta toshe mini kan famfo sau da yawa har sai da na koma tace shi da tsumma biyu. Abin da ya fi damuna shi ne jarkokin ba su da wata takarda, babu ranar da aka haɗa, babu ma'auni a rubuce. Jarka ta uku da na ajiye a ɗakin kwano ta kumbura, kuma da na buɗe ta bayan wata biyu warinta ya juya daga tsami zuwa ɗoyi, dole na zubar. Malam ya musanya mini ita ba tare da jayayya ba, amma ya ce da na ajiye ta a inuwa mai sanyi na yi amfani da ita cikin wata guda da hakan bai faru ba, kuma wannan bayani ne da ya kamata a ce yana jikin jarkar tun ranar saye. Sau ɗaya kuma yarona ya ninka ma'aunin ya fesa da hantsi, gefen ganyen ajur ya ƙone, abin da yake nuna cewa kasancewar abu na gida bai sa ya zama marar illa ba. Barkonon da ke ciki yana shiga ido da maƙogwaro, don haka rufe fuska wajibi ne kamar yadda ake yi da kowane magani.

Batun lafiyar masu ci ma ban ɗauke shi da wasa ba. Duk ruwan da aka tsima da sukari, idan bai yi tsami sosai ba ko kuma ƙazanta ta shiga cikinsa, yana iya renon ƙwayoyin da ke kawo gudawa, musamman idan an haɗa da kashin dabbobi kamar yadda wasu suke yi. Malam ba ya sa taki a nasa, kuma yana gwada tsamin da 'yar takardar awo kafin ya ɗura, ba ya sayarwa sai ma'aunin ya sauka ƙasa da 4, alamar ya yi tsami sosai. Duk da haka ban fesa shi a kan jarjir, wani ganyen salak, da latas ba, tunda ɗanye ake cinsu kuma kwanaki kaɗan ne tsakanin feshi da yanka, kuma ina ba duk mai noman ganye shawarar ya yi haka.

Ta fuskar kuɗi, abin da na kashe a kan jarka uku bai kai kuɗin lita ɗaya ta maganin kanti mai kyau ba a lokacin da na saya. Ta fuskar mu'amala kuwa, dattijon ya zo lambuna sau biyu a ƙafa ba tare da ya karɓi ko kuɗin mota ba, ya nuna wa yarona yadda ake bambance ƙwan abul'id da na ƙwarin ɓarna, kuma ya koya wa maƙwabcina haɗin daga farko har ƙarshe, alhali ya san cewa hakan zai rage masa ciniki.

Wanda yake da fadan ɗaya ko biyu na kuɓewa, ajur, kabewa ko yalo, yana da hannun da zai taimaka masa, kuma zai fara feshi tun kafin ya ga ɓarna, wannan ruwa zai rage masa dogaro da kanti ƙwarai. Wanda ƙwari suka riga suka cika masa lambu, ko mai tumatir da yawa da tuta take barazana gare shi, kada ya jingina da shi kaɗai. Ni dai na riga na yi magana da Malam a kan noma mai zuwa: zan karɓi jarka ɗaya duk bayan mako uku maimakon in tara su, zan rufe wurin renon tumatir da gidan sauro, shi kuma ya amince zai riƙa rubuta ranar haɗi da ma'auni a jikin kowace jarka, da Larabci da kuma ajami saboda dattawanmu.