Fotokwafi ko sake zane: wanne ya fi in zarenki ya yi kauri?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin samo zanen leshin hannu irin na Turai, wanda ake saƙawa a kan matashi da fil da 'yan sandunan zare, amma zarenki ya fi wanda aka rubuta kauri, aikin sai cunkushewa yake, ki ƙara girman zanen a fotokwafi ne ko ki sake zana shi?

Duk biyun na yi. Kafin komai dai auna zaren, ki naɗa shi a jikin rula ki ƙirga. A Torchon, wato irin leshin nan mai ramuka a karkace digiri 45, naɗi 12 ya kamata ya cike tsakanin fil da fil na bakin aikin. In tazarar fil da fil a zanenki milimita 5 ce, naɗi 12 na zarenki kuma ya ci milimita 6, to ki ce a buga miki 120%.

Daɗin fotokwafi shi ne babu abin da zai canza, yawan sandunanki na nan, hanyar da kowane zare ke bi na nan. Amma fa ɗigon da ke nuna wurin fil ma kumbura yake, sai ki rasa inda za ki soka fil, tsakiya ko gefe, kuma ni akwai injin da ya taɓa ja min takarda ta tsawo, sai da na saƙa kusan taƙi guda na ga ramukan sun zama kamar ƙwai, wallahi ranar kamar in yi kuka wajen warwarewa. Tun daga nan ba na barin shago sai na ɗora rula tsaye da kwance.

Sake zane a takardar giraf, wato mai layuka gida-gida, kuwa akwai cin lokaci, ido ma ya gaji, amma ita ce kaɗai hanya in kina son ƙara layuka a faɗi ko ki cire adon gizo-gizo na tsakiya ki sa wani ado. Ki dai tuna duk layin da kika ƙara sai kin ƙaro sanduna, bibbiyu suke tafiya, in lissafi ya kuɓuce sai kin kai kusurwa za ki ga zare ya rasa abokin tafiya. Kuma giraf na Torchon ne, Bucks Point, wani irin leshin na Ingila, karkatarsa daban.

Tunda matsalarki kauri ce kawai, yi fotokwafin, ki saƙa ɗan guntu ki turo mana hoto mu gani.