Durkheim ko Weber: Daga Ina Ake Fara Nazarin Al'umma?

Mai nazarin zamantakewa yana da ƙofofi biyu, kuma wadda ya bi ita ke tantance irin bayanan da zai tara.

Emile Durkheim, Bafaranshe, ya ce a fara daga jama'a. A wurinsa doka da addini da al'ada sun riga mutum zuwa duniya, suna kuma juya shi ko yana so ko ba ya so. A bincikensa na 1897 kan masu kashe kansu, alƙaluman hukuma ya jera ya kwatanta. Ya ga abin ya fi yawa tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, haka ma tsakanin maza marasa aure fiye da magidanta. Bayaninsa shi ne, inda zumunci ya yi sako-sako, mutum kan rasa madafa. Raunin hanyar yana cikin alƙaluman kansu: mai rubuta sanadin mutuwa na iya rufa wa dangi asiri, sannan abin da ya tabbata ga yanki ba lalle ya tabbata ga kowane mazauninsa ba.

Max Weber, Bajamushe, daga mutum ya faro: me aiki ke nufi ga mai yin sa? Da wannan tambaya ya danganta tsantsenin mabiya John Calvin, wani jagoran Kiristoci 'yan Furotesta, da bunƙasar jari-hujja a rubutunsa na 1904 zuwa 1905. Hanyar ta fi nitso, amma tabbatar da sakamakonta jan aiki ne, kuma sau da yawa mai bincike kan jingina wa mutane nufin da a kansa kaɗai yake.